Ƙoƙon Mompe da Magagarina

Ni maƙerin fari ne, ɗan maƙerin fari. Munduwa, zobe, 'yan kunne, adon linzami, su na tashi na tarar ana yi a gidanmu, a wani ƙauye tsakanin Kiyeshe da Tibiri. Sana'ar nan ta ɓata mini hali tun ina saurayi, ta sa ba na yarda da abin da ban gwada ba. Mace za ta kawo munduwa tana rantsuwa da kabarin uwarta cewa azurfa ce tsantsa, ni kuwa in yi mata kunnen uwar shegu, in ɗauki magagari in goga cikin abin in ga me ke ƙarƙashin ƙyallin. Na sha zagi a kan haka, ban fasa ba. Har alfahari nake yi da wannan hali, ina ganin duk garin ni kaɗai ne ba a yi wa wayo.

Yayana, wanda nake bi, bai gaji maƙera ba. Ya tafi cin rani Kurmi ya shekara huɗu, ya dawo da ɗan gicciye a wuya da addinin katolika. Lokacin mahaifinmu ya rasu, an raba mana gonarsa ta bakin fadama, ni gabas shi yamma. A ƙarshen rabonsa ya gina ɗan ɗakin laka mai jinka, nan shi da iyalinsa da wasu gidaje huɗu suke taruwa ran Lahadi. Limaminsu wani Bature ne dogo siriri mai gemu, muna ce masa mompe kamar yadda mabiyansa suke kiransa. Daga Dogon Dutsi yake zuwa bisa wani ramammen doki, mako biyu-biyu. Kayan sallarsa suna cikin wani akwatin kwano da yake bari a hannun yayana, a ciki har da wani ƙoƙo mai ƙafa, rawaya, mai ƙyalli, wanda yake ɗagawa sama yana magana da yaren da ba wanda yake ji. Yayana akwatin kawai yake ɗauka. Ƙoƙon, in ji shi, ba a yarda hannun kowa ya taɓa shi ba sai na mompe.

Mutanen gari ba sa son ɗakin nan, amma ba wanda ya taɓa ko jifansa. Sun ɗauka akwai iskar Turawa a ciki, wadda 'yan borinmu ba su san kirarinta ba balle abin da take sha. Mata masu itace sukan yi dogon zagaye don kada inuwar jinkar ta taɓa su. Abin yana ɓata wa yayana rai, kullum yana bayani cewa babu wata iska, ɗakin Allah ne. Ni kuwa dariya nake yi wa kowa da kowa, da masu zagayen da mai bayanin.

Sai aka shiga yunwa. Ba zan tsaya ba da labarinta ba, wanda ya gani ba ya son a tuna masa. Ruwa ya ɗauke hatsi yana cikin fitar da kai, shekara biyu a jere. Muka koma cin hanza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Mata suka riƙa kawo mini mundayensu, ba don gyara ba, don in gaya musu ko za su kai a ba su ƙwaryar garin rogo a kasuwa. 'Yan gardin kumandan kuwa, dogaran Baturen mulki na Faransawa, ba su fasa zuwa neman lanho ba, harajin nan na kai, kamar ba su ga haƙarƙarin mutane a waje ba.

A cikin wannan hali wani mawaƙi ya sauka Dogon Dutsi ranar kasuwa. Duk wanda ya kai shekaruna ya san shi. Daga Doso har Birnin Kabi babu inda ba a san muryarsa ba, an ma ɗauke ta a faifai, attajirai suna sawa a garmaho. Ina wurin ranar, kuma zan faɗi gaskiya, mutumin ya iya. In ya ɗaga murya masu goge suka amsa, sai ka manta cikinka babu komai. Ya zo da sabuwar waƙa a kan katolika. Ya ce babban limaminsu na Rum a gidan zinariya yake kwana. Ya ce sun fi gwamna dukiya, kuma akushi ɗaya suke ci da kumandan, ana tatsar talaka ana raba musu. Ya ce kowane mompe da ƙoƙon zinariya ake turo shi, wanda in an sayar zai ciyar da Arewa har kaka. Sauran dukiyar kuma a ƙarƙashin ɗakunan sallarsu na ƙauyuka suke binnewa, baƙaƙen da suka bi su ne masu gadi, shi ya sa ba ka taɓa ganin ɗansu ya mutu da yunwa.

Wannan baitin na ƙarshe shi ya riga ni isa gida. Gaskiya ne 'ya'yan yayana uku duk suna raye, alhali maƙwabta sun binne nasu. Ni na san dalili, matarsa ta fi duk matan garin sanin daji da juriya, tun da sassafe take fita sai rana ta yi sanyi. Amma wa zai saurari wannan? Kafin mako ya zagayo 'yan mata suna rera waƙar a bakin rijiya, mutane sun daina amsa gaisuwar yayana.

Mai gari ya aiko aka kira ni. Dattijo ne mai tsoron fitina, ya fi son kowa ya mutu cikin lumana da a yi hayaniya a ƙofarsa. Ya ce, "Maƙeri, kai na kira don kai ad da kunne gidanku. Mutane sun hwaɗa mani, ni ko ban iya toshe bakin gari. In yayanka na zaune bisa dukiyar Nasara yara na mutuwa, ba shi shuka gonar ga bana. Shi tattara shi bi masu zinariyatai."

Na ce, "Ranka shi daɗe, in ko ƙarya ta hwa?"

Ya ce, "To kawo mamu shaida kahin ruwan shuka."

Na fito ina huci. Gonar mahaifinmu ce, a can aka binne cibiyarmu mu biyu, kuma duk duniya ba ni da wani ɗan'uwa sai shi. Na ce a raina, magana ai kamar munduwa ce, a goga ta a ga cikinta. Washegari na kama hanyar Dogon Dutsi.

Na sami mawaƙin a masaukinsa da hantsi, yana kishingiɗe bisa darduma, mutanensa kewaye da shi, gabansu tire cike da gasasshen nama. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Sarkin waƙa, zinariyar ga da ka hwaɗi, ka gan ta da idonka?"

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ba da fushi ba, kamar dai na zo da abin dariya. Ya ce, "Kai mi a sana'arka?"

Na ce ƙira.

Ya ce, "To in anka kawo maka ƙarhe, tambaya kakai wane rami anka haƙo shi? Ni ma magana aka kawo mani in ƙera ta. Wani tsohon soja na tasha yab ba ni wagga, tahi ka tambaye shi. Amma taho ka ci nama tukun, ka rame, ɗan'uwa."

Na ci. Ina rubuta wannan da kunya, amma na ci, har na ɓoye tsoka biyu a aljihu na kai wa matata. Mutumin ba mugu ba ne, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ko da na gaya masa halin da waƙarsa ta jefa yayana, ya girgiza kai ya ce Allah shi kyauta, ya juya yana tambaya ko an gyara tsirkiyar goge.

Tsohon sojan yana zaune a inuwar rumfar tasha yana gadin kayan matafiya, da lambobinsa uku a ƙirjin wata yagaggiyar riga. Na gaishe shi da sarja, ya ji daɗi, ya gyara zama. Ya ce, "Rum da ƙahwata na shige ta lokacin yaƙi. Anka kai mu babban ɗakin sallarsu layi-layi. In ka ɗaga kai ka dibi sama, hulakka hwaɗuwa takai. Ko'ina ƙyalli."

Na ce, "Zinariya ta?"

Ya ce, "Ni maƙeri na? Tana ƙyalli dai, kuma anka ce mamu ita ta. Abin da yab ba ni haushi, muna hitowa ga ɗiyan Turawa ba takalmi suna roƙon mu burodi. Na hwaɗa ma mawaƙin wanga ma, yac ce ba mai yarda Bature na bara, yab bar shi."

Na tambaye shi zancen binne dukiya a ƙauyuka. Ya zaro ido ya ce, "Wanga ba bakina ba. Ni ko sunan ƙauyenku ban sani ba."

Na dawo gida da rabin magana. Akwai zinariya, amma tana can ƙetaren teku, inda ba wanda zai je ya tambayi masu ita. Saura ƙoƙon da ke nan kusa.

Ran Lahadi na jira suka gama sallarsu, na tare mompe a gindin gawo. Shi ma yunwar ba ta bar shi ba, wuyansa ya yi tsawo, takalminsa ɗaure da igiya. Hausarsa irin ta wanda ya koya a takarda ce, a hankali, kowace kalma da wurinta. Na tambaye shi kai tsaye, ƙoƙon nan zinariya ne ko ba ita ba.

Ya ce, "Ban sani ba. Mutanen ƙauyenmu suka haɗu suka saya mini ranar da aka naɗa ni. Manoma ne kamar ku."

Na ce to na Rum fa?

Ya ce, "Akwai. Da yawa. Akwai kuma manyanmu da suka ci abin da ba nasu ba, ba zan rantse maka a kan kowa ba. Na rubuta takardu ina roƙon hatsi, abin da ya zo ka gani da idonka, bai kai ko'ina ba. Amma ba na cin komai tare da kumandan, kuma ban binne komai a nan ba."

Na ji mutumin ya shiga raina, na kuma ji haushinsa. Me zan yi da irin wannan amsa a gaban mai gari? In ce Baturen ya ce akwai amma babu? Na roƙe shi ya bar ni in goga magagari a gindin ƙoƙon, inda ido ba ya kaiwa, sau uku kawai. Fuskarsa ta canza. Ya ce ko da na laka ne, ba kayan gwaji ba ne. Ya hau dokinsa ya tafi.

Yayana ya ji duk abin da muka yi. Ya kama hannuna ya ce, "Kul, ƙanena. Bar su su hwaɗi abin da sunka so. Ruwa na sauka kowa shi kama gonatai, su mance. Mai gari ba shi korar kowa, ka san shi."

Yau na san gaskiya ya faɗa. Da na zauna a maƙerata na kama bakina, da wataƙila an yi ta gunaguni har ruwa ya sauka, wata sabuwar waƙar ta zo ta kori tsohuwa. Amma ni a lokacin gani nake yi tsoro ne ke damunsa, kuma ba a taɓa ce mini kul a kan ƙarfe na ji ba.

Ran Talata da rana tsaka, yayana da matarsa suna daji neman hanza, na shiga ɗakin sallarsu. Babu komai ciki sai tabarmi biyu, da ɗan teburin da ya sassaƙa da kansa, da akwatin a ƙarƙashi. Kwaɗon da ke jiki bai ɗauke ni lokaci ba. Na kwance farin ƙyallen da aka naɗe ƙoƙon da shi. Tun kafin in ɗauko magagari hannuna ya ba ni amsa, don zinariya nauyi gare ta, wannan kuwa ba nauyi. Duk da haka na kife shi, na goga gindinsa sau uku. Rawayar fatar ta tashi, tagulla ta bayyana. Na ɗiga ruwan lemun tsami da gishiri na jira kaɗan, wurin ya fara yin kore. Ruwan zinariya ne aka shafa masa sama-sama, in ka kankare shi duka ba zai yi ɗan kunne ɗaya ba.

Rabona da farin ciki irin na ranar nan tun kafin yunwa. Na riƙo ƙoƙon a hannu haka nan tsirara, na ratsa tsakiyar gari da shi. Mata suna janye 'ya'yansu, maza suna matsawa jikin danga. Ni ko a jikina, har ɗaga shi nake yi don kowa ya gani.

Kafin la'asar ƙofar mai gari ta cika. Na tsaya a tsakiya na ba da labarin komai, abin da mawaƙi ya ce, da abin da soja ya ce, da abin da mompe ya ce. Na nuna musu tsagar da koren. Na ce tagulla ce irin wadda nake yi wa matansu warwaro da ita, ko tunkiya ba za ta saya ba. Na ce in akwai wanda ya taɓa kama ni da ƙarya a kan ƙarfe ya tashi ya faɗa. Ba wanda ya tashi. Mai gari ya saki ajiyar zuciya ya ce to, an ji.

Sai wata tsohuwa ta yi gyaran murya. Ita ce babbar 'yar bori a garin, mun saba ce mata inna. Ta ce, "Maƙeri, da ƙarhe ka yanke shi?"

Na ce, "Da magagari, inna."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

Ta gyaɗa kai. Na ga mutane suna kallon juna.

A nan ya kamata in farga, don al'adar gidanmu ce. A ƙasarmu in ɗan bori ko mai tsafi ya mutu bai bar magaji ba, ba mai taɓa kayansa na ƙarfe, mundaye da zobba da ƙararrawa, ba mai shiga ɗakinsa. Sai a kira maƙeri ya yi wa kayan tsaga da magagari, a jira kwana bakwai. In maƙerin bai kwanta ciwo ba, bai haukace ba, to iskar ta bar kayan ta bar ɗakin, kowa yana iya shiga ya ɗauki abin da ya ga dama. Mahaifina ya sha yin wannan aiki, ni kaina na yi sau biyu. Amma ko kusa bai faɗo mini a rai ba, don ni ban taɓa ɗaukar ƙoƙon nan kayan iska ba. Ƙarfe na gani, ƙarfe na gwada. Su kuwa duk bayanin tagulla da na yi ya bi ta bayan kunnensu, abu ɗaya suka riƙe, maƙeri ya yi wa kayan iskar Turawa tsaga.

Yayana ya same ni a maƙera da yamma. An riga an gaya masa. Ya shimfiɗa farin ƙyallen bisa tafukansa biyu don kada fatarsa ta taɓa ƙoƙon, na ɗora masa. Ya juya shi ya ga tsagar. Ina jiran ya zage ni in rama, in gaya masa na ceci gonarsa. Sai na ga hawaye suna bin gemunsa. Ya ce, "Kai dai ba ka jin magana," ya naɗe abin ya fita.

Kwanakin da suka biyo ban taɓa ganin ƙauna irin wadda garin nan ya nuna mini ba. Da safe kafin in hura wuta mutane sun fara leƙowa. "Maƙeri, an kwana lahiya? Ba ciwon kai? Ba mahwalki?" Wani ya zauna yana kallon hannuna ko yana rawa. Wata ta tambayi matata ko ina cin abinci, ko ina magana ni kaɗai. Ni kuwa sakarai sai kumbura nake yi, ina cewa ga shi sun gane kuskurensu, kunya ce ta hana su zuwa wurin yayana kai tsaye shi ya sa suke biyowa ta kaina. Har na aika masa cewa ya kwantar da hankalinsa, gari ya sauko.

Ran kwana na takwas da hantsi na ji hayaniya daga bakin fadama. Ko da na isa sun fi mutum arba'in, da hauyoyi da dagi. An cire ƙofar ɗakin, an fitar da teburin an jefar, ƙasa tana tashi ta taga. Na kutsa ina ihu, na ce ba na nuna muku tagulla ba ce? Wani maƙwabcinmu, wanda ya binne 'ya'ya biyu a watan nan, ya tsaya da haƙa ya dube ni. Ya ce, "Mun yarda da kai, maƙeri. Wa ka aje ta ƙwarai inda ido ka ganinta? Ta banza a sama, ta ƙwarai na ƙasa." Ya ci gaba da haƙa. Babu fushi a fuskarsa, shi da sauran duka. Aiki kawai suke yi da ɗan ƙarfin da ya rage musu, wasu suna haƙa suna zama suna haki.

Suka haƙa ɗakin har ƙugu, babu komai sai jar ƙasa. Suka wuce gidan yayana, suka haƙa ƙarƙashin rumbunsa da ba komai ciki, suka shiga ɗakin matarsa suka ɗage gado. A nan dagi ya bugi tulu. Aka yi kabbara, aka yi guɗa, aka fito da shi. Irin shuka ne, hatsin da matar ta binne tun bara, ta bar 'ya'yanta suna kuka bisa kansa ba ta taɓa ba. Kowane gida mai hankali ya yi irin wannan ɓoyon, sai dai su sun riga sun tone nasu sun cinye. Kafin in isa wurin hannuwa sun shiga, mutane suna watsawa a baki ɗanye. Na ji ana cewa, ga shi nan, ashe dai yana da ɓoyo.

Yayana yana tsaye a gefe da akwatin kwanon a rungume, 'ya'yansa a bayansa. Bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ni na yi ta zagi da kokawa har aka fasa mini leɓe, kuma ban hana ko ƙwaya ɗaya tafiya ba.

Da mompe ya zo ya ga ramukan, ya so ya kai ƙara wurin kumandan. Yayana ya durƙusa ya roƙe shi kada ya yi, ya ce in 'yan gardi suka zo da bulala, mutanen nan ba su da jikin ɗauka. Mompe ya haƙura. Ya buɗe akwatin ya ga tsagar, ya dube ni. Garin kuwa bai gode ba. Tsoron ƙarar ya sa suka ƙara tsanar yayana, kunyar abin da suka yi ta sa ba sa son ganin fuskarsa. Sauran gidajen huɗu suka daina zuwa salla. Matarsa ta je rijiya, mata suka kwashe gugansu suka bar ta ita kaɗai. Mai gari ya ce shi bai kori kowa ba, amma ba zai iya ɗaukar alhakin abin da zai faru ba.

Na ce wa yayana zan raba irina biyu in ba shi rabi. Ya ce ba iri ne ya dame shi ba. Ya ce ba zai iya haɗa kafaɗa a jana'iza da mutanen da suka ɗage gadon matarsa ba, su ma ba za su iya ba.

Suka tashi kwana uku kafin ruwan farko. Na ɗaukar masa kaya har bakin hanyar mota. Duk tafiyar ina neman yadda zan ce ya yafe mini, na kasa, don har a lokacin wani sashe na zuciyata yana ce mini ai gaskiya na gano, tagulla ce. Da motar ta tsaya ya ɗora yara, ya juyo ya ce, "Kak ka shuka rabona, ƙanena, kak ka ba kowa aro. Bar ta ta huta. In anka samu damana biyu masu kyau zukata sunka yi sanyi, ni dawo."

Na ce to.

An samu damina biyu masu kyau, an samu ta uku. Ban shuka ba. Sabara ta rufe gonar, jinkar ɗakin ta rufta cikin ramin da aka haƙa. Mutane suka zo neman aro na hana, mai gari ya sa baki na ƙi, matata ta ce na haukace, ga baki sun ƙaru a gida ga ƙasa tana kwance. Duk fataken da ya fito daga kudu sai na tare shi da tambaya. Wani ya ce ya gan shi yana dako a bakin kogi, wani ya ce a'a, ya wuce gaba. Takarda ba ta taɓa zuwa ba, ko da ta zo ma a lokacin ban iya karatu ba. Faransawa suka tafi, aka sauya mompe da wani wanda bai san zancen ba.

A shekara ta tara wani mai fataucin goro ya sauka garinmu. Da na kwatanta masa yayana ya gane shi sarai, har da tabon da ke goshinsa. Ya ce ai mutumin nan ya rasu shekara uku ke nan, ciwon ƙirji. Matar ta kwashe yara ta bi wasu mutanen addininsu, bai san ko ina ba.

Daminar nan na sassabe gonar na shuka ta, ni kaɗai, ban kira gayya ba. Ƙasar da ta huta shekara tara ta yi hatsin da ban taɓa ganin irinsa ba tun da nake, zangarniya kamar damtsen mutum. Na cika rumbu biyu, na gina na uku. Na tsaya a gabansu ranar da na gama ɗaurin ƙarshe, hatsin 'ya'yan yayana ne duka, kuma ban san inda zan aika musu da ko dami ɗaya ba.